Taku Sittin da Uku Zuwa Ƙofarmu

A bakin layinmu, daidai inda kwalta ta ƙare aka shiga turɓaya da kwata, akwai wata falwayar siminti. In ka ɗaga kai za ka ga baƙin kebur a jikinta, an naɗe shi kamar gammo, an ɗaure da waya wuri uku. Nan igiyar intanet ta ƙare ta ɓangarenmu. Yayana ne ya naɗe ta da hannunsa shekara bakwai da suka wuce, ranar da kamfaninsu ya ce a tsaya haka. Daga gindin falwayar zuwa ƙofar gidan hayar da muke ciki taku sittin da uku ne. Ni ban ƙirga ba, ina ni ina wannan wahala. Shi ya ƙirga, kuma ya sha ƙirgawa.

Ni tela ce. Kekena yana bakin ƙofar ɗakina, ɗakin Yaya kuma yana kallon nawa, tsakaninmu igiyar shanya ce da randa. Saboda haka duk abin da zan faɗa a gabana aka yi, wanda kuma ba a gabana aka yi ba shi ya dawo ya faɗa mini. Yaya ba ya ƙarya, wannan ma ita ce babbar matsalarsa.

Ya girme ni da shekara tara. Tun muna yara ba ya zama a ƙasa, in ba ya kan bishiya to yana kan katangar mutane. Mahaifiyarmu ta yi faɗan ta yi dukan har ta gaji ta sa masa ido. Ashe abincinsa a sama yake. Yana saurayi ya fara da masu jan wayar tarho, zamanin da tarho ke zaune a kan tebur an rufa masa ƙyalle don ƙura. Da wannan sana'a ta mutu ya koma kafa wa mutane farantin talabijin a kan rufi. Daga baya kamfanin intanet ya ɗauke shi, suka ba shi tsani da hular kwano da riga mai ƙyalli, ya yi musu shekara goma sha huɗu. 'Yan layinmu Injiniya suke ce masa, rabi girmamawa rabi tsiya. In ya dawo da yamma yana jan ƙafa, mai shagon bakin layi sai ya ɗaga murya, "Injiniya, mu fa yaushe za a tuna da mu?" Shi kuma kullum amsarsa ɗaya, "An kusa."

Unguwarmu a kwari take, ga rufin kwano ko'ina, shi kansa sabis ɗin waya sai an bi shi da lallashi. A ɗakina akwai kusurwa ɗaya bayan ƙofa, in na miƙa hannu sama na daina motsi, sandar sabis ɗaya takan fito. 'Yan makaranta kuwa in an ba su aikin da sai an shiga intanet, tafiya suke har bakin babban titi su jeru a gindin katangar wani otal su kama intanet ɗinsa. 'Yar maƙwabciyarmu ta taɓa yin ganawar neman aiki ta waya a kan gadar masu ƙafa, motoci na ta hon a ƙarƙashinta. Ba ta samu aikin ba.

Ba wai Yaya bai yi ƙoƙari ba. A shekarar da aka naɗe igiyar ya bi layinmu gida-gida da takarda, ya tara sunan magidanta arba'in da takwas, ya kai wa manajansu. Manaja ya buɗe masa taswira, unguwannin da aka ja wa igiya duk kore, tamu kuma toka-toka. Ya ce, "Baba, tsakaninka da Allah, cikin waɗannan gida nawa ne za su biya duk wata ba fashi?" Yaya ya lissafa mu a zuci, ya ce bakwai. Da ya dawo ya faɗa mini na kusa ɗinke yatsana. Na ce, "Bakwai? Haba Yaya! Bakinka zai karye in ka ce arba'in?" Ya ce ai tsakaninsa da Allah aka tambaye shi.

Matarsa ta rasu tun 'yarsu tana makarantar koyon jinya. 'Ya ɗaya gare shi. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka shi Uwata yake ce mata. Ta gama karatu, ta yi aure, aiki ya ɗauke ta da mijinta zuwa wata ƙasa mai nisa, inda sai an hau jirgi an sauka an sake hawa. Tun daga nan ɗakin Yaya ya zama shi kaɗai, sai hoton marigayiya a bango da akwatin kayan aikinsa a ƙarƙashin gado.

To, akwai wata ƙa'ida a aikinsu. In ka gama huda bango, ka shigar da igiya, ka kafa akwatin intanet fitilunsa suka kama kore, ba ka tafiya sai ka gwada layin a gaban mai gida. Kiran bidiyo ake yi, minti biyu zuwa uku, a ga hoto ba ya tsayawa, murya ba ta yankewa. Sauran abokan aikinsa junansu suke kira, su ɗaga wa juna hannu su kashe. Haka shi ma yake yi, har ranar da aka yi masa jika.

Ranar yana aiki a gidan wata mata mai shagon magani. Saƙo ya shigo masa tun da safe cewa Uwata ta sauka, mace aka samu. Da lokacin gwaji ya yi, ya ce da matar, "Ranki ya daɗe, in babu damuwa 'yata zan kira." Ta ce ina ruwanta da wanda zai kira, ita dai ta ga layi na aiki. A tsakiyar falon mutane, da hular kwano a ka da ƙurar bango a gemu, ya fara ganin jikarsa. Ya ce mini hoton ya fito fes, har gashin girarta ana iya gani. Matar ta leƙo ta bayansa ta gani, ta ja masa kujera, ta ce ya zauna ya ƙara minti biyar. Bai zauna ba, wai wandonsa da datti.

Daga ranar duk gwajinsa can yake bugawa. Ya san lokacin da Uwata ke tashi daga aiki, sai ya riƙa jera ayyukansa yadda na ƙarshe zai faɗa wajen ƙarfe huɗu na yamma. Shekara huɗu ana haka. A gidan wani lauya ya ga yarinyar ta fara zama. A ofishin masu sayar da taya ya ga ta fara rarrafe. Haƙorinta na farko a ɗakin baƙin wani mutum ya gan shi, mutumin yana tsaye a kansa yana duba agogo. Ranar da ta fara cewa "Kaka" kuwa a wani gida ne mai akwatin gilashi cike da ruwa, jajayen kifaye na yawo a ciki. Ya juya mata wayar ta ga kifin ta yi ihu. Layin gidan nan ya yi ta ba da matsala a shekarar, aka riƙa tura shi, don haka yarinya ta riƙe gidan kifi a ranta. Kuma duk kiran da zai yi, da magana ɗaya yake rufewa, don mai gida ya ji aiki ake yi: "To, layi ya yi kyau. Sai gobe."

Ni kuwa a bakinsa na san yarinyar. Da ya shigo, kafin ya cire takalmi, zai tsaya a gaban kekena ya fara. "Kin san me ta yi yau?" Tsoho da furfura zai durƙusa ya gwada mini yadda take tafiya, yadda take turo baki in an hana ta abu. In ce masa, "Yaya, tashi mutane na kallo." Ni na laƙa mata 'Yar Gilashi, tunda ba mu taɓa ganinta ba sai ta bayan gilashin waya. Har uwar ta kama sunan.

Na taɓa tambayarsa ko bai ji kunya ba, yarinya na ganinsa kullum a falon wasu. Ya ce shi bai taɓa ce mata gidansa ba ne. Gaskiya ne, bai ce ba. Amma yarinya ƙarama me ta sani? Ita dai kakanta mutum ne mai hular kwano da ke zaune cikin waya, yau labulensa shuɗi, gobe ja, jibi yana da kifi.

Sai gwiwa ta ƙi. Da ma ta daɗe tana yi masa gargaɗi yana shafa mata man zafi yana cewa sanyi ne. Wata safiya ya hau tsani rabi, ƙafa ta ce ba ta ƙara ko ɗaya, sai da aka sauko da shi. Likita ya ce hawa ya ƙare. Kamfani suka sallame shi cikin mutunci, ba ni da abin cewa a nan, har da takardar yabo a firam. Ya mayar da tsani da katin aiki. Tsohuwar hularsa mai tsagewa a gefe da rigar da ƙyallinta ya koɗe suka ce ya riƙe.

A ranar farko da ya wuni a gida, ƙarfe huɗu na yi ya ɗauki waya ya shiga ɗakina, ya tsaya a kusurwar bayan ƙofa, hannu a sama. Kiran ya shiga da ƙyar. Fuskar Uwata ta fito ta daskare, baki a buɗe, murya na zuwa guntu-guntu. Can muka ji yarinyar ta ce, "Mama, Kaka ya lalace." Sai ya yanke. Ya sake bugawa har sau shida. Washegari ya gwada bakin gadar masu ƙafa, amma matakala arba'in ce, gwiwa ba ta yarda ba. Ya gwada gindin katangar otal, masu gadi suka ce yanzu an canza lambar sirri, kuma an hana zama.

Uwata ta turo saƙon murya. "Baba, don Allah ka sa a kawo muku na gida, ni zan riƙa biya." Ya saurara sau biyu ya yi murmushin da ba na so. Ya mayar mata, "Uwata, ba a nan take ba. Igiyar ce ba ta iso ba." Ya sayi wani ɗan akwati mai aiki da layin waya, ya ɗaura shi a kan doguwar gora ya kafa a rufi, da taimakon mai shago. Abin da babu a sama gora ba ta kamo shi. Aka koma kiran murya, shi ma yana yankewa. Yarinya kuma ta ƙi. In an kara mata waya a kunne sai ta ture, ta ce ita ba ta magana da wanda ba shi da fuska. Ina jin uwar tana lallashi, "Kakanki ne fa, gaishe shi mana," Yaya kuma a nan yana cewa, "Ƙyale ta, ƙyale ta, wasa take yi." In ya kashe sai ya daɗe yana goge gilashin wayar da bakin rigarsa.

Wata biyu a haka, sai wata Talata na ga ya fito da tsohuwar riga da hula, da jakar filaya da sukundireba. Na ce ina zuwa? Ya ce zai ɗan zaga ya duba layukan da ya sa, ko akwai mai matsala. Na ce, "Wa ya aike ka?" Ya ce aikin hannunsa ne, ba sai an aike shi ba, kuma ba kuɗi zai karɓa ba. Na gane, shi ma ya san na gane. Na ci gaba da taka keke.

Sau uku abin ya yi. Ya je gidajen da suka san fuskarsa, ya share musu ƙurar akwati, ya ɗaure igiyar da ta saki, ya yi gwaji. Ya dawo yana ba ni labari kamar da, wai ta yi tsawo, wai an yi mata kitso, wai ta tambaye shi ina ya ɓuya. Na huɗu gidan kifi ya nufa, don ita ta ce tana son ganinsu. Ashe an sayar da gidan. Sabon maigadi ya tambaye shi katin aiki, babu. Sabuwar matar gidan ta leƙo ta taga ta ga tsoho da koɗaɗɗiyar riga yana cewa shi ya sa layin nan, ta buga wa kamfani ta ce ga wani yana yawo da sunansu. Aka tsayar da shi a bakin get cikin rana har motar kamfani ta zo. Wanda ya fito daga motar ma Yaya ne ya koya masa riƙe filaya. Mutumin ya ba matar haƙuri, ya ja Yaya gefe ya ce, "Baba, don girman Allah kar ka sake. Da wani aka turo ba ni ba, da yanzu kana wajen 'yan sanda." Ya ce zai rage masa hanya, Yaya ya ce a'a, zai taka.

A hanyar dawowa ne abin da ya fi ci mini rai ya faru. Yana tafe a gindin katangun unguwar, sai wayarsa ta fara ƙara a aljihu ba ƙaƙƙautawa, hotuna da saƙonnin da suka maƙale kwana da kwanaki suna ta zubowa. Kafin ya gane abin da ke faruwa kiran Uwata ya shigo, na bidiyo, hannunsa ya riga kansa ya amsa. Ga yarinya fes, tana tsalle, "Kaka! Ina kifin?" Ya ce sun yi barci. Suka yi hira kusan minti ɗaya yana jingine da katangar mutane. Sannan ya duba saman wayar ya ga ta inda take sha. Duk gidan da ya taɓa yi wa gwaji, wayar ta riƙe lambar sirrinsu, in ya matso kusa da kanta take shiga. Ya ce, "Layi ya yi kyau, sai gobe," ya kashe.

Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Zagayawa ya yi ya ƙwanƙwasa get ɗin gidan, ya ce da maigadi a faɗa wa mai gida ya sha musu intanet na minti ɗaya ba da izini ba, a yafe masa, kuma su canza lamba. Maigadi ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, Allah ya ba da lafiya," ya rufe.

Da ya gama ba ni labari na ajiye almakashi. Na ce, "Yaya, wannan ai sauƙi ne Allah ya kawo maka. Gida nawa ka sa wa? Kullum ka je gindin katanga ɗaya, minti uku, wa zai sani? Su da suke barinsa a kunne su yi tafiyar wata guda! Raguwa yake yi?" Ya ce ba ya raguwa. Na ce to? Ya ce, "Mutane sun buɗe mini ƙofa har ɗakin kwanansu, sun ba ni lambar da ba su ba maƙwabtansu ba. Don aiki suka ba ni. Aikin ya ƙare." Na ce da ka yi shekara huɗu kana kiran 'yarka fa? Ya ce wannan a gabansu ne, suna kallo.

Ya jawo kujera ya zauna a tsakar gida, ya sa tabarau, ya buɗe jerin sunayen a waya ya fara goge su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya faɗi abin da ya tuna. "Nan ne ta fara tsayuwa." Ya goge. "Nan karensu ya yaga mini wando." Ya goge. Wallahi ranar na zage shi, yayana da ban taɓa ɗaga wa murya ba a gaban mutane. Na ce masa taurin kai ne ba gaskiya ba, na ce yarinyar nan za ta manta da shi kuma shi ya jawo. Ya ci gaba da gogewa. Na shige ɗaki na yi kukana, ina jin shi a waje yana ta ambaton gidajen mutane har ya gama.

Watannin da suka biyo baya ba su da labari. Yakan tashi ya share ɗaki, ya fito da kayan aikinsa ya shafa musu mai ya mayar. Ya gyara wa 'yan layi soket da fanka. Da la'asar ya ɗauki sanda ya taka zuwa bakin layi, ya tsaya a gindin falwaya ya ɗaga kai, ya dawo. Mai shago ya daina yi masa tsiyar yaushe za a tuna da mu. Uwata na turo hotuna, su kwana biyu suna juyawa kafin su buɗe. Ya daina tsayawa a gaban kekena, tunda babu abin da zai gwada mini. Mu biyu a tsakar gida ɗaya, sai mu wuni ba mu yi magana goma ba, kuma har da laifina, don fushin bai sake ni da wuri ba.

Da yarinyar ta cika shekara biyar Uwata ta samu hutu, ta ce za su zo kwana shida. Yaya ya sa aka yi wa ɗakinsa fenti. Ya sayo 'yar kujerar roba ja. Har kasuwa ya je neman kifi mai rai, ya samo guda biyu ƙanana ya zuba a kwalbar gilashi, suka mutu kwana ɗaya kafin baƙi su iso.

Da suka shigo Uwata ta faɗa jikinsa tana kuka, ta juyo kaina, "Gwaggo, haka kika bar shi ya rame?" Na ce tambaye shi, ni na gaji. 'Yar Gilashi kuwa tana bayan uwarta ta riƙe zani gam. Yaya ya durƙusa da wannan gwiwar tasa, ya miƙa hannu biyu. Ta kalle shi, ta kalli randa, ta kalli igiyar shanya, ta ce, "Mama, yaushe za mu je gidan Kaka?" Uwar ta ce ga shi nan a gabanki. Ta girgiza kai. Wata goma rabonta da ganinsa sosai, in ka cire 'yan kiran nan huɗu, kuma wanda ta sani bai fi tafin hannu ba, ba shi da sanda, ba shi da ƙafafu ma.

Ni ta saba da ni a kwana ɗaya, don ina da ƙyallaye da maɓallai. Shi kuwa in ya shigo sai ta fita. Ya sa hular kwano ko za ta gane, ta ce wannan tsohon ya ɗauki hular Kaka. Muka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga yadda ya cire ta ya ajiye. Uwata ta so ta mare ta, ya hana. "Kar ki taɓa ta. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta san ni a nan ba." Kwana biyar 'yar jan kujera tana bakin ƙofarsa ba wanda ya zauna.

Ranar da ta rage gobe su tafi, da yamma muna tsakar gida, Uwata tana haɗa kaya, yarinyar tana wasa da wayar uwarta tana ɗaukar hoton kaji da takalma. Yaya yana zaune a bakin ƙofarsa, hular tana kansa don rana. Tana juyawa da wayar sai hotonsa ya fito a gilashin. Na ga ta tsaya cak. Ta matso da gilashin kusa da hancinta.

"Kaka!"

Yaya bai motsa ba. Tsakaninsu bai fi taku uku ba. A hankali ya ɗaga hannu yadda yake yi, ya ce, "Na'am, 'Yar Gilashi. Kina jina da kyau?"

Ta ce tana ji. Ta ja jan kujerar da ƙafa ta zauna, idonta na kan wayar, ta shiga zuba. Ta ba shi labarin jirgi, da malamarsu, da haƙorinta da ke girgiɗi, da wani tsoho a gidan Gwaggo da ya ɗauki hularsa. Ya ce zai yi maganinsa. Uwata ta toshe baki da mayafi ta shige ɗakina. Ni na zauna ina kallonsu.

Can yarinyar ta ce, "Yau gidan wa kake?"

Ya ce, "Nawa ne. Kin ga ƙofata, kin ga gadona. Waccan ta jikin bango kakarki ce."

Ta bi ɗakin da wayar a hankali, ta daɗe a kan hoton. Ta ce gidan ba kifi. Ya ce babu. Ta ce ba komai, ya fi na jan labule. Sun fi rabin awa a haka, bai taɓa samun ko kwatankwacin wannan ba a shekara biyar. Da ta gaji ta gyara zama, ta yi irin muryarsa ta ce, "To, layi ya yi kyau, Kaka. Sai gobe." Ta kife wayar a cinya, ta ruga wajen kaji.

Da sassafe suka tafi. Ya raka su har bakin layi, inda mota ke jira a gindin falwaya, don ba ta iya shigowa. Yarinyar ta yarda ya shafa kanta, iyakar abin da ta yarda ke nan. Da ya dawo ya tsaya a gaban kekena, karon farko a wata da watanni, ya ce, "Kin ji ta ko? Ta ce ya fi na jan labule." Na ce na ji, Yaya.

Kwana biyu suna hanya. A rana ta uku, huɗu saura kaɗan, na ga ya fito da hular ya sa, ya zauna a bakin ƙofarsa daidai inda ya zauna rannan, ya gyara jan kujerar ta fuskance shi, ya ɗora waya a gwiwa. A wurin ko sandar sabis ɗaya ba ta fitowa, ya fi kowa sani. Na ɗauke ƙafata daga kan keke, don in wayar ta yi ƙara ya ji.